Ambulan ɗin Lahadi

Shafi na 9

Na ga saƙonninku duka, har da mai cewa in ban saki shafin nan yau ba ta daina kula ni. Ku yi haƙuri. Sau uku ina fara rubuta shi ina gogewa.

*

Ko kayan aiki ban cire ba na wuce ofishin coci. Takardar tana hannuna, na murɗe ta har ta yi laushi.

Layi huɗu ne kacal a cikinta. Wai kwamitin kuɗi na cocin Saint Kinga ya duba ya ga iyalin Dudek, wato ni da mijina Kaz, ba sa cikin masu halartar Misa, sujadar Lahadi, don haka daga watan Satumba kuɗin makarantar 'yata Tessa zai tashi daga dala dubu huɗu da ɗari biyu zuwa dubu bakwai da ɗari takwas. Kuɗin baƙi ke nan.

Baƙi fa! Ni Marlene, da aka yi min baftisma a cocin nan, aka ɗaura min aure a cikinsa. Ni da aka fito da gawar ɗana Gus ta ƙofarsa wata goma sha bakwai da suka wuce, yaro ɗan shekara shida da mota ta buge a bakin makarantar.

Roz Pawlak tana zaune a bayan teburinta, gilashinta a kan hanci. Shekara ashirin da shida tana sakatariyar cocin, kuma ita ta riƙe Gus ranar baftismarsa. Daga ƙasan ginin ana jin tsofaffin matan coci suna murza ƙullin pierogi, wata irin samosa tamu ta gargajiya, na kasuwar Juma'a, ƙamshin albasa da man shanu ya cika ko'ina.

Na dangwarar da takardar a gabanta.

"Roz, wa ya sha ya bugu ya buga wannan?"

"Zauna, Marlene."

"Ba zama ya kawo ni ba. Gyara min za ki yi in tafi, ƙafafuna kamar ba nawa ba."

"Na ce ki zauna."

Ta tashi ta rufe ƙofa. Roz ba ta rufe ƙofar ofishinta ko da bishop ne ya zo, saboda kar wata gulma ta wuce ta a baranda.

"Kin san dokar," ta ce. "Lahadi uku cikin huɗu, ambulan mai lambar gidanku ya faɗa kwandon baiko. Ko babu ko sisi a ciki. Shaidar kun zo kawai ake nema."

"Ni za ki koya wa? Lambarmu ɗari biyu da sha biyu tun zamanin surukata. Duk ranar Asabar da hannuna nake sa dala goma in liƙe in ajiye wa Kaz a kan tebur. Ni ina gidan tsofaffi ina aiki ranar Lahadi, kowa ya sani. Shi yake kawo Tessa Misar ƙarfe tara."

Ta cire gilashin tana goge shi da bakin riga. Ta daɗe tana gogewa.

"Bai shigo ba."

"Me?"

"Ambulan ɗinku. Ko sau ɗaya bai shigo ba tun jana'izar Gus."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

"To masu ƙirga muku baiko sun makance. Tsoho Lenny da ko lambar motarsa ba ya iya karantawa, shi kuka ɗora a kan makomar 'yata?"

"Bara ni nake ƙirgawa, Marlene. Da na ga babu naku, sai in sa muku alama da birona in yi shiru. Shekara guda ina yi. Na je wurin Fada limaminmu na furta laifina, ya ce in daina, ban daina ba. Bana kwamiti ya karɓe aikin daga hannuna."

"Kwamiti! Su da suka ci abincin zaman makokin ɗana a ƙasan ginin nan?"

"Kar ki ɗora musu duka. Kin san da me makarantar take tsaye? Da baikon waɗancan tsofaffin da kike jin hayaniyarsu. Akwai gidaje fiye da talatin da suka yi rajista don ragin kuɗi kawai, ko ƙofar coci ba su san kalarta ba. Fada ya ce wanda yake son a ɗauke masa kaya a matsayin ɗan gida, to a riƙa ganinsa a gida."

"Mu ne ba 'yan gida ba?"

"Ban ce ba."

"Takardar ta ce."

Ta zagayo ta zauna a kujerar da ke kusa da ni. Ta kama hannuna, na janye.

"Akwai abin da ban faɗa miki ba, kuma Allah ya sani na so in faɗa tun tuni. Kaz ba ya shigowa coci."

"Ƙarya ne."

"Rabona da ganinsa a ciki tun ranar da ya ɗauki akwatin Gus."

"Ƙarfe takwas da rabi suke fita! Maƙwabciyarmu tana ganinsu. Yana sa farar rigarsa, ni nake goge masa ita!"

"Tessa tana zuwa."

"To?"

"Ita kaɗai. Tana zama a bencin ƙarshe, bayan ginshiƙi. Ba ta waƙa. Ba ta tashi karɓar jibin Ubangiji. Kafin a sallami mutane ta sulale ta fita. Sau biyu na je na zauna kusa da ita, ta ce, Anti Roz don Allah kar ki gaya wa Momi."

Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ita kaɗai a bayan ginshiƙi, sama da shekara. Ni kuwa ina can ina juya tsofaffin mutane a gado ina tambayarsu ko sun yi barci lafiya.

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru. Ki zage ni, na cancanta."

"Shi kuma ina yake zuwa?"

"Wannan kam ba ni zan amsa miki ba." Ta tura min takardar. "Kuna da mako biyu ku ɗaukaka ƙara. Fada zai saurare ku, amma ku biyu yake son gani, ke da Kaz. Kuma zai tambaye ku ko za ku dawo. Kar ku zo ku yi masa ƙarya, Marlene, ya gaji da jin ta."

Ina fita ta biyo ni da ƙunshin pierogi a leda. Ban karɓa ba.

*

Daga coci zuwa gidanmu minti shida ne. A minti shidan nan na aurar da Kaz ga mata uku. Na sa shi a mashaya. Na sa shi a gidan caca na bakin tafki. Har na fara tunanin wace jaka zan zuba masa kaya.

Motarsa ta aikin famfo tana bakin gida. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Na same shi a kicin yana feraye dankali, rediyo yana ta surutun ƙwallo.

"Kin yi latti," ya ce, bai juyo ba. "Tsohuwar ɗaki na tara ta sake ɓoye haƙoranta ne?"

Na kashe rediyon.

"Me Fada ya yi wa'azi a kai ranar Lahadi?"

Wuƙar ta tsaya.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambayar mace ga mijinta. Me ya ce?"

"Abin da ya saba. Haƙuri, yafiya..."

"Wa ya yi karatun farko?"

"Marlene..."

"Wa ya zauna a gabanku? Wace waƙa aka rufe da ita? Kaz, kalle ni!"

Ya juyo. Na buga masa takardar a ƙirji. Ya karanta, leɓɓansa suna motsi kamar ɗan aji ɗaya, ya kai ƙarshe ya sake komawa farko.

"Dubu bakwai da ɗari takwas," ya ce a hankali.

"Bar zancen kuɗi. Wace ce?"

"Wa?"

"Wadda kake jefar min da 'ya a bakin coci ka tafi wurinta da rigar da na goge!"

Ya dube ni kamar na watsa masa ruwan zafi. Sai ya ja kujera ya zauna. Mutumin da ke ɗaukar tukunyar dumama ruwa shi kaɗai ya hau bene da ita, sai ga shi ya dafa tebur ya sunkuyar da kai.

"Babu kowa."

"To ina kake zuwa?"

"Ba na zuwa ko'ina."

"Kaz, kar ka maida ni mahaukaciya!"

"Ina cikin mota, Marlene! Ina nan a bayan coci inda ake ajiye motoci, kusa da kwandon shara. Nan nake zama."

Na jingina da bango ina kallonsa.

"Lahadin farko bayan jana'iza na fito. Wallahi na fito. Na riƙe hannun Tessa muka hau matakala. Ana buɗe ƙofa na ji ƙamshin turaren nan, na hango tsakiyar coci inda aka ajiye shi. Akwatin ko nauyi ba shi da shi, kin sani? Mu huɗu muka ɗauka, ni kaɗai ma da na iya. Ƙafata ta ƙi shiga. Na ce wa Tessa na manta wayata a mota."

Ya share fuska da bayan hannu, ɓawon dankali ya manne masa a kumatu.

"Na ce mako mai zuwa zan shiga. Mako mai zuwa na sake cewa mako mai zuwa. Ina jin ƙararrawa, ina jin waƙa ta bango. Wani lokaci in yi ƙoƙarin yin addu'a, sai in ji zagi ne yake zuwa bakina, sai in yi shiru don kar in ƙara wa kaina zunubi."

"Ka bar yarinya ita kaɗai."

"Na bar ta."

"Ka sa ta yi min ƙarya sama da shekara! Ina dawowa in ce yaya coci, ku haɗa baki ku ce lafiya lau!"

"Ke kuma fa?"

"Ni me na yi? Ni aiki nake!"

"Aiki." Ya ɗago ido, sun yi jajir. "Shekara tara kina gidan tsofaffin nan, ba ki taɓa yarda an sa ki ranar Lahadi ba. Har faɗa kika yi da shugabarku a kan haka. Mako biyu da binne Gus kika dawo kika ce min an tilasta miki."

"An tilasta min."

"Na je gyara musu famfon wanki a watan Janairun bara. Shugabar taku da bakinta ta ce min, matarka mutuniyar kirki ce, ita ta zo ta roƙa a ba ta duk Lahadin shekara."

Gaskiya ya faɗa. Ni na roƙa. Na tsaya a ofishin matar nan na ce ko ba ƙarin kuɗi zan yi. Na gwammace in wanke kashin tsofaffi goma da in durƙusa a bencin da Gus yake kwanciya a cinyata yana wasa da 'yan kunnena. Na tura mijina da 'yata su je su tsaya mana a gaban Allah, ni na gudu, na sa wa gudun suna aiki.

"Ka sani duk tsawon lokacin nan?"

"Na sani."

"Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? In ce kin gudu? Daga cikin mota zan faɗa miki?"

Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Tukunya tana tafasa a kan wuta babu komai a ciki sai ruwa. Shekara goma sha biyar da aure, ban taɓa jin na yi nisa da shi kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Na so in miƙa hannu in cire masa ɓawon nan daga kumatu. Hannun ya ƙi tashi.

"Ba mu da dubu bakwai, Kaz."

"Zan sayar da babur ɗina."

"Wa zai saya? Ko tashi ba ya yi."

"To in ƙara aikin Asabar."

"Fada yana son ganinmu. Zai tambaya ko za mu dawo."

Ya kalli tebur.

"Ba zan iya ba, Marlene. Ko dala dubu ɗari za su sa, ba zan iya shiga ba."

"Makarantar ce kaɗai abin da ya rage wa yarinyar nan. Ƙawayenta, malamanta. Mun rasa ɗaya, so kake mu tumɓuke ɗayar mu jefa ta inda ba ta san kowa ba?"

"Na sani."

"Da ma ka riƙa ba ta ambulan ɗin ta jefa! Ko wannan ka kasa?"

Ya ɗago kai da sauri.

"Ina ba ta."

"Me?"

"Kowace Lahadi. Kafin ta fita daga mota nake sa mata a aljihun kwat. Ban taɓa mantawa ba ko sau ɗaya. Shi ya sa takardar nan ta ɗaure min kai."

"Roz ta ce ko ɗaya bai shigo ba."

Muka kalli juna.

Sai muka ji katakon matakala ya yi ƙara.

*

Tessa tana zaune a tsani na huɗu, har yanzu da kayan makaranta a jikinta, siket mai gidan dara da doguwar safa, ɗaya ta zame. Ban san tun yaushe take wurin ba. Fuskarta babu hawaye ko ɗigo, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Tessa, zo nan," na ce.

Ba ta zo ba. Ta tashi ta hau sama. Muka ji ta ja wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta sauko da kwalin takalmin sanyinta, ta ajiye a kan tebur tsakanin ni da ubanta, ta koma ta jingina da firji.

Kaz ya buɗe.

Ambulan ne cike, a jere, an ɗaure su da robar gashi wata-wata. Ko ɗaya ba a yage ba.

"Ban taɓa kuɗin ba," ta ce. "Ku duba."

"Ba wanda ya ce kin taɓa, 'yar gidan Dadi," in ji Kaz. "Mantawa kike yi? Kunya kike ji ki jefa ke kaɗai?"

"A'a."

"To mene ne?"

"Na san dokar. An karanta mana a aji. Na san in ba a ga ambulan ba za a ƙara kuɗi, kuma na san ba ku da shi. Bara na jira takardar ba ta zo ba. Na ɗauka ban yi daidai ba ne."

Na miƙe tsaye.

"Da gangan kika yi?"

"E."

"Kina so a cire ki daga Saint Kinga?"

"E."

"Tessa, kin san abin da muke yi don ki zauna a makarantar nan? Kin san rabon ubanki da sabon takalmi? In ba kya so, ba sai ki buɗe baki ki faɗa ba?"

"Da kun tambaye ni dalili."

"To yanzu ina tambaya!"

"Marlene, a hankali," Kaz ya ce.

Na durƙusa a gabanta. Na kama kafaɗunta, sai na ji ƙashi kawai. Yaushe yarinyar nan ta rame haka ban lura ba?

"Wani ne yake takura miki? Malama ce? Yaran ne suke miki maganar Gus?"

Ta girgiza kai.

"Titin ne? Don kina tsallaka wurin kullum? Zan riƙa kai ki ta ƙofar baya. Zan bar aikin safe, wallahi zan bari."

"Ba titin ba ne."

"To mene ne, uwata? Faɗa min."

"Duk Juma'ar farkon wata ana jera mu a kai mu furta zunubi wurin Fada." Muryarta ta yi ƙasa har sai da na matsa. "Kowa ya shiga ya fito yana dariya. Ni in na shiga sai in ce na yi wa Momi rashin kunya, na ƙi yin aikin gida. Sai ya ce, shi ke nan? In ce shi ke nan. Malama ta ce wanda ya ɓoye babban zunubi a wurin furtawa ya ƙara wani a kai, kuma in ya karɓi jibi a haka ya ƙara na uku. Sau goma sha biyar ke nan ina ɓoyewa, Momi. Na gaji. A makarantar gwamnati ba a jera mutane."

Kaz ya taso ya tsaya a bayana.

"Wane babban zunubi ne da ke, ke da ko ƙuda ba kya iya kashewa?"

Ta dube shi. Sannan ta dube ni.

"In na faɗa ba za ku ƙara sona ba."

"Babu abin da za ki faɗa..."

"Ranar da mota ta buge Gus."

"Na ce wa ɗan sanda fizge hannunsa ya yi ya ruga. Na ce muku haka. Na ce wa Fada haka."

"E, haka aka yi," na ce. "Kowa ya san Gus da gudu. Ba laifinki ba ne, sau nawa za mu..."

"Bai fizge ba."

"Yana ta waƙar nan tasa ta kwaɗi da ƙarfi, majina tana zuba, su Kendra 'yan ajinmu suna bayanmu suna mana dariya. Na ce ya yi shiru ya ƙi. Ya riƙe ni gam, Momi, da hannu biyu ya riƙe ni, don kin ce masa kar ya kuskura ya sake ni a bakin titi."

"Tessa..."

"Ni na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa, wuce gaba kai kaɗai, ka ishe ni."

A bayana na ji kujera ta faɗi.

"Ya juyo ya ce min, Tess, in tafi? Na ce tafi."